Yadda taurarin ɗan'adam ke auna ruwa, da abin da makiyayan Paikon Kore za su ƙaru da shi

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Babban Birnin Tarayya cikin watan Nuwamba, lissafin makiyayi a gandun kiwo na Paikon Kore yakan koma kan tambaya guda: ina shanu za su sha, kuma wannan mashayar za ta kai su wane wata? Gandun yana cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, faɗinsa kimanin hekta 8,500 ne, kuma yana cikin gandayen kiwo huɗu da aka keɓe a Abuja. Sauran ukun su ne Kawu, Karshi da Rubochi.

Abuja ba hamada ba ce. Ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, wanda ya ninka na wasu sassan arewacin Yobe da Borno. Sai dai kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Afrilu da Oktoba, sauran watannin kuwa ƙura ce da zafin rana. Ƙarƙashin ƙasar yankin kuma galibi dutse ne mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya ruɓe. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a nan a samu ruwa mai yawa, a matsa 'yan mitoci kaɗan a sake haƙawa a tarar da busasshen dutse.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa maganar ƙarancin ruwa a yankunan fari ta shafi Gwagwalada kai tsaye. Duk lokacin da tafkuna suka ƙafe da wuri a Sakkwato, Katsina, Yobe ko kudancin Jamhuriyar Nijar, garkuna sukan gangaro kudu tun kafin manomi ya gama kwashe amfanin gonarsa. Ƙishirwar da ta faro a bakin Sahara takan ƙare a ƙoramun tsakiyar Najeriya, a wasu lokutan ma ta ƙare da zubar da jini.

A Paikon Kore, buƙatar ruwa ta ƙara nauyi tun da aka fara ƙoƙarin mayar da gandun cibiyar samar da madara, inda kamfanin Nestlé ya kafa wurin tattara madara da sanyaya ta. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne, don haka saniyar da ba ta sha ta ƙoshi ba, ba za a tatsi abin kirki a jikinta ba. Duk shirin zaunar da makiyaya wuri ɗaya yana rataye ne a kan samun ruwa a watannin Fabrairu, Maris da farkon Afrilu.

A nan ne ilimin kallon ƙasa daga sararin samaniya ya shigo. Tafiyar da ba ta wuce ta sa'a guda a mota ba ce ta raba Paikon Kore da hedikwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, da ke Lugbe a kan hanyar filin jirgin sama. Sannan kuma a kowane mako taurarin ɗan'adam da dama suna ratsawa ta saman gandun suna ɗaukar hotonsa, kuma mafi yawan hotunan kyauta ne ga duk mai intanet.

Abin da tauraro yake gani

Na'urar da ke jikin tauraron ɗan'adam tana auna hasken rana da ya daki ƙasa ya koma sama. Cikin wannan haske akwai nau'in da idon mutum ba ya gani, kuma shi ne ya fi amfani wajen neman ruwa. Ruwa yana shanye irin wannan haske kusan gaba ɗaya, sai ya fito baƙi ƙirin a hoto. Ɗanyen ganye kuwa yana mayar da shi da ƙarfi, sai ya fito da haske. Da wannan bambancin ne kwamfuta ke iya zana iyakar tafki, ta kuma nuna inda ciyawa take da rai da inda ta bushe.

Taurarin Landsat na Amurka sun fara wannan aiki a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe taskar hotunansu kyauta. Kowane ɗigo a hoton Landsat na yanzu yana wakiltar fili mai mita 30 a tsaye, 30 a kwance. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, sun fi gani dalla-dalla: ɗigonsu mita 10 ne, kuma suna komowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Ma'ana, ƙaramar madatsar ruwa mai faɗin hekta ɗaya za ta fito da ɗigo 100 a hoton, adadin da ya isa a gane ko tana raguwa daga mako zuwa mako. Kwamin shayar da dabbobi ko bakin rijiya kuwa sun yi ƙanƙanta, ba za su fito ba.

Waɗannan taurari suna da rauni guda da duk mazaunin Arewa zai gane da sauri: ba sa gani ta cikin gajimare, kuma hazo mai kauri na hunturu yana dusashe musu hoto. A watan Agusta ana iya yin makonni ba a samu hoto mai tsabta ko ɗaya a saman Abuja ba. Maganin wannan shi ne tauraro mai na'urar radar, irin Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014. Shi ba ya jiran hasken rana. Yana aiko da nasa sigina ne ya saurari amsa, dare da rana, ko da hadari ya rufe sama. Shimfiɗaɗɗen ruwa yana karkatar da siginar gefe kamar madubi, don haka nan ma ruwa yakan fito baƙi. Irin wannan na'ura ce ake dogara da ita wajen zana taswirar ambaliya, kamar wadda ta auka wa Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau.

Akwai kuma taurarin da ke auna zafin doron ƙasa. Gonar da ta sha ruwa ta fi busasshiya sanyi, domin ruwan da ke tashi daga ƙasa da ganye yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan cikinta. Daga bambancin zafin ake ƙiyasta yawan ruwan da fili ya yi amfani da shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe wata taska mai suna WaPOR a 2017, wadda ke nuna wa ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya yawan amfanin gonar da ake samu daga kowace ma'aunin ruwa.

Rabon da rana take ɗauka

Yana da kyau a tsaya a kan wannan ruwa mai tashi sama, domin shi ne ɓarawon da ba a cika sa shi a lissafi ba. Idan milimita ɗaya ta ruwa ta ƙafe daga fili mai hekta ɗaya, an rasa lita 10,000. A tsananin bazara, ba abin mamaki ba ne buɗaɗɗen ruwa ya rasa milimita shida a yini. Ke nan madatsa mai faɗin hekta ɗaya tana asarar lita 60,000 kullum ba tare da ko akuya ta tsoma baki ba. Idan aka ɗauka saniya tana shan lita 30 a yini, abin da rana ta kwashe ya kai shan shanu 2,000.

Wannan lissafi ya bayyana abin da makiyaya suka daɗe da lura da shi: madatsa mai faɗi marar zurfi tana burge ido a watan Oktoba, amma ita ce ke fara zama taɓo a watan Fabrairu. Mai zurfi da ƙaramin baki ta fi ta daɗewa ko da yawan ruwansu ɗaya ne. Sannan kowace damina tana zubo laka da yashi cikin madatsa, zurfinta yana raguwa alhali fuskarta tana nan yadda take, har a wayi gari abin da aka gina domin ya kai Afrilu ba ya wuce Janairu.

Tauraro yana ganin faɗin ruwa, amma zurfin ƙaramar madatsa ya fi ƙarfinsa. Ko tauraron SWOT, wanda Amurka da Faransa suka harba a Disamba 2022 domin auna tsayin fuskar ruwa, an tsara shi ne don koguna masu faɗin mita 100 zuwa sama da tafkunan da suka kai kimanin hekta shida. Sai dai akwai dabara mai sauƙi. Idan masu safiyo suka auna siffar kwarin madatsar sau ɗaya lokacin da ta ƙafe, daga nan duk faɗin da hoto ya nuna ana iya juya shi zuwa adadin lita. Da an haɗa da yawan dabbobin da ke sha da rabon da rana take ɗauka, za a iya faɗa wa makiyayi tun a watan Disamba makon da ruwan zai ƙare. Sanin wannan mako shi ne bambanci tsakanin wanda ya rage garkensa a kasuwa da farashi mai kyau, da wanda ya sayar da ramammiyar saniya ga mahauci a rabin kuɗi.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

A nan ne aka fi yi wa taurarin ɗan'adam ƙarin gishiri, don haka ya kamata a faɗi iyakarsu. Babu tauraron da ke leƙa cikin ƙasa ya ce ga ruwa a zurfin mita 60.

Abin da ya fi kusa da haka shi ne tagwayen taurarin GRACE, na Amurka da Jamus, waɗanda suka yi aiki daga 2002 zuwa 2017, aka kuma maye gurbinsu da wasu biyu a 2018. Suna bin juna a sama da tazarar kimanin kilomita 220. Idan na gaba ya zo saman yankin da ya fi nauyi, ƙarfin jan ƙasa yakan ɗan fizge shi, tazarar ta canza kaɗan. Tunda duwatsu ba sa ƙaura daga wata zuwa wata, canjin nauyin da aka gani galibi ruwa ne ya ƙaru ko ya ragu. Hikima ce babba, amma ma'auninta na manyan yankuna ne masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Tana iya nuna ko ruwan kwarin Tafkin Chadi baki ɗaya yana ƙaruwa. Ba za ta iya zaɓa wa wani ƙauye wurin rijiya ba.

Taimakon da hoto ke yi wa mai haƙa rijiya a ƙasa mai dutse irin ta Gwagwalada na nuni ne. Tsagar dutse takan bayyana a sama kamar dogon layi miƙaƙƙe: ƙorama mai tafiya sak, ko jerin bishiyoyin da ke nan kore shar a tsakiyar rani. Inda irin waɗannan layuka biyu suka gitta juna, nan ne aka fi sa ran ruwa. Hoto yana rage wuraren bincike daga ɗari zuwa goma, sannan masanin ƙasa ya je da na'urar da ke tura lantarki cikin ƙasa ya tantance, kafin a kawo injin haƙa.

Abin da ya faru a Kenya ya isa gargaɗi. A watan Satumba na 2013 aka sanar da gano wani makeken ruwan ƙarƙashin ƙasa a Lotikipi da ke yankin Turkana mai fama da fari, bayan bincike da ya dogara sosai da bayanan taurarin ɗan'adam. Labarin ya zaga duniya. Zuwa 2015, gwajin rijiyoyin farko ya nuna gishirin ruwan ya yi yawa, bai dace da sha ba sai an tace shi da tsada. Tauraro bai yi ƙarya ba game da samuwar ruwan, amma ɗanɗanonsa sai da guga ta shiga.

Darasin Tafkin Chadi

Babu ruwan da hotunan sama suka yi wa suna a Afirka kamar Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan, ya kuma rabe gida biyu, arewa da kudu. Hotunan da aka jera na waɗannan shekaru sun shiga littattafan makaranta da jawaban shugabanni, har maganar cewa tafkin yana gab da ɓacewa ta zama kamar karatun allo.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗar wannan janyewa. Shirin noman rani na Kudancin Chadi da aka gina a jihar Borno a shekarun 1970, domin shayar da fili fiye da hekta 60,000, an tsara shi ne bisa tafkin shekarun wadata. Kafin a ci moriyarsa ruwan ya janye nesa da bakin magudanarsa.

To amma da aka ci gaba da kallo, sai labarin ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya haɗa hotuna, ma'aunin tsayin ruwa da bayanan GRACE, ya nuna cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ɓangaren kudu ya tsaya da ƙafarsa, ruwan da ke ajiye a kwarin ma ƙaruwa ya yi. An kuma gane cewa ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi, inda hoto na yau da kullum ke ɗaukarsa a matsayin tudu. Tafkin ba shi da zurfi, kuma kusan duk ruwansa kogin Shari da Logone ne ke kawo shi daga kudu, don haka yana kumbura yana motsewa gwargwadon daminar can. Matsalar mazauna gaɓarsa a yau ta fi karkata ga rashin tabbas: bana ambaliya, baɗi janyewa.

Hotuna biyu da aka zaɓa daga shekaru biyu suna iya tabbatar da duk abin da mai magana yake so. Jerin hotuna na shekara arba'in ne ke nuna halin ruwa na gaskiya, kuma wannan ya shafi madatsar ƙauye kamar yadda ya shafi Tafkin Chadi. Shirin Digital Earth Africa, wanda aka ƙaddamar a 2019, ya tattara hotunan Landsat na nahiyar tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta yadda za a iya duba kowane kwari a ga sau nawa ya riƙe ruwa a tsawon wannan lokaci.

A kudu maso yammacin Nijar kuma, kusa da Yamai, masana sun gamu da wani abin al'ajabi. Duk da shekarun fari, ruwan rijiyoyin yankin ya hau da kimanin mita huɗu tsakanin 1963 da 2007. Tsofaffin hotunan jirgin sama da na taurari ne suka warware ƙullin: an sare daji an mayar da shi gonakin gero, ruwan sama ya daina tsayawa a tudu, yana gangarawa kwari ya taru a tafkuna, daga nan ya tsiyaya ƙasa. Da awon rijiyoyi kaɗai, da ba a san dalili ba. Da hotuna kaɗai, da an ga lalacewar daji ba a san ruwan ƙasa yana hawa ba. Ƙasar can mai yashi ce, ta fi kama da ta kwarin Sakkwato, saboda haka ba a ɗauki sakamakon a ɗora wa Abuja ba. Hanyar binciken ce abin koyi.

Rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa

A kwarin Haɗeja da Jama'are, matsalar ta rabo ce. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kura da Kadawa, amma sun sauya yanayin ambaliyar da dausayin Haɗeja da Nguru ya dogara da ita. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka riƙa nutsewa, wasu kuma can ƙasa wajen Gashuwa da Gaidam suna jiran ruwan da bai iso ba. Masunta, manoman shinkafa da makiyaya kowa yana da ƙorafinsa, kuma kowace jiha tana da nata alƙaluman.

Amfanin hoton sama a irin wannan taƙaddama shi ne ba ya da jiha. Wakilan Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe da Borno suna iya zama kan taswira ɗaya su ga hekta nawa ruwa ya rufe bayan an saki ruwa daga Tiga, ina kachala ta ci, ina ta ja da baya bayan an yi yasa. Hoton ba zai raba musu ruwan ba, amma yana rage musu abin musu.

Kai labari ga mai sanda

Duk wannan ilimi ba shi da amfani ga makiyayi matuƙar yana kwance a kwamfutar ofis. Maƙwabtanmu sun riga mu gwada hanyar isar da shi. A Mali, tun 2017 aka fara wani tsari mai suna GARBAL, da haɗin gwiwar ƙungiyar raya ƙasa ta Holan, SNV, da kamfanin waya na Orange. Makiyayi yana kira da ƙaramar wayarsa, a amsa masa da harshensa, a faɗa masa inda ciyawa da ruwa suke bisa bayanan taurari, da yawan garkunan da suka riga shi isa can, da farashin dabbobi da hatsi a kasuwanni. Daga baya an faɗaɗa tsarin zuwa Burkina Faso da Nijar. A Yamai kuma cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, ta daɗe tana fitar da rahotannin damina, makiyaya da ruwa ga ƙasashen yankin.

Abin lura a tsarin GARBAL shi ne ba a bar tauraro shi kaɗai ba. Akwai mutane a ƙasa da ke aiko da rahoton abin da suka gani, domin hoto zai nuna kore amma ba zai ce ciyawar mai daɗi ce ko mai guba ba, zai nuna tafki amma ba zai ce hanyar zuwa gare shi ta bi ta gonar wani ko ta dajin 'yan bindiga ba.

Akwai ma haɗarin da ya kamata a yi tunaninsa tun kafin a fara. Idan aka sanar da makiyaya dubu cewa tafki kaza yana da ruwa, duka dubun za su nufi can, ruwan wata biyu ya ƙare a mako biyu, ciyawar kewaye ta zama ƙura. Idan kuma tafkin yana gefen fadamar masu noman rani, labarin da aka yi niyyar ya kawo sauƙi sai ya kawo faɗa. Saboda haka ya fi dacewa irin wannan bayani ya bi ta hannun arɗo-arɗo, masu unguwanni da shugabannin manoma a zaune tare, su tsara wa zai sha a ina kuma yaushe. Haka nan tsofaffin hotuna suna iya nuna shekarar da aka toshe wani burtali da gona ko gini, shaidar da za ta iya kashe gardama ko ta hura ta, gwargwadon hannun da ta faɗa.

Ina Najeriya ta tsaya

An kafa NASRDA a 1999. Tauraron farko na ƙasar, NigeriaSat-1, an harba shi daga Rasha a watan Satumba na 2003. A ranar 17 ga Agusta, 2011, aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abu mai faɗin mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a Ingila. An ƙera NigeriaSat-2 ne domin ya yi shekara bakwai, kuma wa'adin ya wuce tuni. A 2025 gwamnatin tarayya ta bayyana amincewa da samar da sabbin taurari huɗu, ɗaya daga cikinsu mai radar, wanda shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai gajimare da hazo irin tamu. Hukumar tana kuma da Cibiyar Nazarin Hotunan Sama ta Ƙasa a Jos.

Sai dai aikin ruwa a gandun kiwo ba ya buƙatar jiran sabon tauraro, tunda hotunan Sentinel da Landsat suna nan. Inda giɓin yake shi ne a ƙasa. Ƙiyasin da tauraro ke yi na ruwan sama ko na tururi sai an gwada shi da ma'auni na gaske kafin a amince da shi, kuma tashoshin awon ruwan sama da na koguna a faɗin Afirka ta Yamma sun yi ƙaranci. Abin da ake buƙata a madatsa ɗaya bai taka kara ya karya ba: sanda mai alamun santimita a kafe cikin ruwa, gwangwanin awon ruwan sama, igiyar auna zurfin rijiya, da mutum guda da zai riƙa rubutawa kowane mako ana biyansa a kan lokaci. Wannan na ƙarshen ne aka fi yin sakaci da shi, domin ba a yanka masa ƙyalle a bikin buɗewa.

Kuɗin ma akwai inda za a nema. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamba 2021, ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, kuma tsara amfani da kwaruruka da farfaɗo da ƙasar da ta lalace suna cikin ginshiƙansa. An kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, wadda farfaɗo da gandayen kiwo ke cikin manyan ayyukanta. Ƙasar tana da irin waɗannan gandaye fiye da 400, tun daga dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, kuma kowanne za a so a haƙa masa madatsa ko rijiya. Duba hotunan shekara arba'in na wuri kafin a ba da kwangila aikin 'yan kwanaki ne.

Ga Paikon Kore, abin da zai fito daga wannan aiki takarda ce guda: jerin duk mashayun gandun da na kewayensa, yawan ruwan kowace a ƙarshen Oktoba, adadin dabbobin da ke dogara da ita, da makon da ake hasashen za ta ƙafe, ana sabunta ta duk bayan kwana goma har saukar ruwan fari. Kayan haɗa ta a warwatse suke. Hotuna da masu karanta su suna NASRDA, awon koguna da ruwan ƙasa yana Hukumar Kula da Harkokin Ruwa ta NIHSA, hasashen damina yana Hukumar Hasashen Yanayi ta NiMet, gandun kuwa yana ƙarƙashin Sakatariyar Noma ta Hukumar Babban Birnin Tarayya. Dukkansu suna da ofis a Abuja. Awon siffar madatsun sai sun ƙafe ake yinsa, wato tsakanin Maris da farkon Afrilu, kuma idan wannan lokaci ya wuce sai an jira wata shekara.